Rasuwar Wa: Haddin Makoki da Haƙƙin da Ke Wuyan Ƙane

  Ina gaida shugaban wannan majalisi, da limamai da malaman da ke zaune a sahun gaba, da dattawan unguwar Djidjolé ta nan Lome waɗanda suka gayyace ni suka kuma karɓe ni da karamci. Ina gaida waɗanda suka taso tun daga Agoè da Togblékopé, da waɗanda suka ƙetaro iyaka daga Aflao, da iyayenmu mata da ke saurare daga nasu ɓangaren, da samarin da suka share wuri suka shimfiɗa tabarmi. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne rasuwar wa, da yadda ya kamata ƙane ya yi baƙin cikinsa ya kuma riƙa tunawa da shi. Zan faɗi ra'ayina tun da fari, domin wanda uzuri zai tayar kafin a ƙare ya tafi da shi: shari'a ta taƙaita makokin ɗan'uwa ta sa masa haddi na kwana 3, ta bar haƙƙinsa babu wa'adi, mu kuwa a wannan zamani mun karkata ga tsawaita makokin da kashe masa dukiya, haƙƙin kuma muna sauke shi daga wuyanmu da zarar an naɗe tabarmin arba'in. Zan bi maganar a kan mas'aloli 6.

Mas'ala ta farko ita ce matsayin wa a Zango. Hausawa na cewa babban wa uba, kuma a ko'ina maganar gaskiya ce, amma a Kano ko Katsina ko Maraɗi, inda mutum yake kewaye da baffanni da kawunnai da kakanni, nauyin yana rarrabuwa a kan wuyoyi da yawa. A nan bakin teku kuwa, tun zamanin da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake zuwa Kete-Krachi da sauran garuruwa, da zamanin da Jamusawa suka mayar da Lome babban birninsu a 1897, galibi mutum ɗaya ne ke fara zuwa daga gida, ya sauka a hannun wani maigida, ya koyi cinikin goro ko shanu ko tufafi, sa'an nan in ƙafarsa ta kafu ya aika a turo masa ƙanensa. Wani Bafaranshe mai nazari, Michel Agier, ya wallafa littafi a 1983 a kan 'yan kasuwar Zangon Lome, inda ya nuna cewa zaman Zango ya dogara ne a kan masu gida da mutanen da suke riƙo. Mu da muke ciki mun san cewa a gidaje da dama maigidan farko da yaro ya sani shi ne wansa. Shi ya tarye shi a tasha, shi ya koya masa gaisuwa da ciniki da harshen mutanen ƙasa, shi ya ba shi jarin farko a kasuwar Asigame ko ta Hédzranawoé ko kasuwar tumaki ta Gbossimé, shi kuma ya shige gaba ranar neman aurensa. Irin wannan mutum in ya faɗi, ƙane ya rasa uba da maigida da mai lamuni a rana guda.

Ga kuma abin da na lura da shi a gidajen makoki. Ana tausaya wa mahaifiya, ana kewaye mai takaba, ana shafa kan marayu, kuma duk sun cancanta. Ƙane kuwa shi ake aika sayen likkafani, shi ke neman takardar shaidar rasuwa, shi ke shirya mota da masu haƙa kabari, shi ke tsaye a ƙofar gida yana amsa "ya haƙuri" har muryarsa ta dushe. Wa ya taɓa jan sa gefe ya tambaye shi ko ya sa wani abu a bakinsa? Sai bayan mutane sun watse, ya buɗe shago ya ga kujerar da babu mai zama a kanta, sa'an nan mutuwar take sauko masa, alhali a lokacin kowa ya ɗauka an gama.

Mas'ala ta biyu ita ce haddin da shari'a ta sa. Misalin da na fi so a nan shi ne na Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib, wanda ya girmi ƙanensa Aliyu da shekara 10, ya jagoranci masu hijira zuwa Habasha, ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira. Da labari ya iso Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya je gidan da kansa ya rungumi 'ya'yan idanunsa suna zubar da hawaye, ya umarci iyalinsa su dafa wa iyalin Ja'afaru abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su, ya bar su kwana 3, sa'an nan ya komo ya hana ci gaba da kukan, ya sa aka kira wanzami ya yi wa yaran aski, ya yi musu addu'a. A cikin wannan ƙissa guda akwai halascin hawaye, da wa'adin makoki, da bayanin wanda ke ciyar da wani, da kulawa da marayu. Abin da aka haramta shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufa da maganganun da ke nuna ƙin hukuncin Allah. Haka kuma ya tabbata cewa Uwar Muminai Zainabu 'yar Jahshi, da ɗan'uwanta ya rasu, ta sa aka kawo mata turare ta shafa, ta bayyana cewa ba ta da bukatarsa, ta yi ne domin mace ba ta barin ado saboda mamaci fiye da kwana 3 sai in mijinta ne, wanda takabarsa wata 4 ce da kwana 10.

To, ku duba wanda ke dafa abinci a gidajenmu yau. Maƙwabtanmu na wannan gari suna da tasu al'ada ta ajiye gawa makonni, da kafa rumfuna, da ɗinka tufafi iri ɗaya, da tara jama'a a ƙarshen mako. Al'adarsu ce, muna zuwa mu yi musu ta'aziyya cikin mutunci kamar yadda suke zuwa mana. Mu ba mu jinkirta jana'iza, alhamdu lillahi, sai dai gasar rumfa da kujeru da tukwane ta fara shigowa cikin sadakokinmu, har ƙane ya ci bashi domin kada a ce bai girmama wansa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya keɓe babi a kan sunna da bidi'a a sha'anin jana'iza da maƙabarta a cikin littafinsa Ihya'us Sunna. Game da sadakar uku da bakwai da arba'in, malamanmu sun yi saɓani, ga su nan zaune, kuma ban zo in raba musu gardama ba. Abin da babu saɓani a cikinsa shi ne, ba ya halatta a ɗebi dukiyar da marayu ƙanana suke da rabo a ciki a ciyar da mutanen da suka ƙoshi.

Mas'ala ta uku: shin cikar kwana 3 tana nufin a manta? Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, wanda ba a san shi da rauni ba, yana da wa mai suna Zaidu, ɗan ubansa, wanda ya riga shi shiga Musulunci, ya kuma yi shahada a yaƙin Yamama a zamanin halifancin Abubakar yana riƙe da tutar Musulmi. Masu tarihi sun kawo cewa Umaru bai daina ambatonsa ba, yana faɗin cewa Zaidu ya riga shi ga alheri biyu, yana kuma cewa iskar gabas in ta kaɗo tana tuna masa shi. Wata rana ya haɗu da Mutammimu ɗan Nuwaira, mawaƙin da ya shahara da marsiyyar ɗan'uwansa Maliku, ya saurare shi, ya nuna burin da ma shi ma yana waƙa ya yi wa Zaidu irin wannan. Mutammimu ya amsa masa da cewa da a ce nasa ɗan'uwan ya mutu irin mutuwar Zaidu, da bai yi masa marsiyya ba, Umaru kuwa ya ce babu wanda ya taɓa yi masa ta'aziyya mai kyaun wannan. Halifa ke nan, bayan shekaru, yana neman mai tausasa masa zuciya a kan wansa, bai kuwa ji kunya ba. Mu da muke koya wa 'ya'yanmu cewa namiji ba ya nuna rauni, har mutum ya haɗiye abin da ke cinsa ya koma masa ciwo, daga ina muka samo tsananin da ya wuce na Umaru? Kuma ƙaunar ba ta tsaya a baki ba, domin ya aurar da 'yarsa Faɗimatu ga Abdurrahmanu ɗan Zaidu, kamar yadda Aliyu ya aurar da 'yarsa Zainabu ga Abdullahi ɗan Ja'afaru.

Mas'ala ta huɗu, wadda zan ɗan daɗe a kanta domin daga gidanmu take, ita ce ta Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da wansa Shehu Usmanu. An haifi Shehu a 1754, Abdullahi kuwa wajen 1766. Abdullahi da kansa ya ba da labari a cikin Ida'un Nusuhi, littafin da ya lissafa malamansa, cewa bayan ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsu, yana ɗan shekara 13 aka miƙa shi ga wansa, a hannunsa ya karanta Ishiriniya da nahawu da tauhidi da fiƙihu. Ya bi shi yawon wa'azi a Kabi da Zamfara, ya yi hijira tare da shi a 1804, ya jagoranci runduna a Tafkin Kwatto a wannan shekarar. Duk da haka ba ɗan amshin shata ba ne. A 1807, da ya ga son duniya ya fara shiga jama'a, ya bar su da niyyar tafiya Makka, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami kafin ya komo. Kuma shi da Shehu sun saɓa a rubuce a kan wasu mas'aloli na mulki da tufafi da kayan kiɗa, kowa ya kawo hujjarsa, ba tare da ƙanen ya fita daga ladabi ko wan ya yanke shi ba.

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817. Abdullahi yana Boɗinga, kuma abin da ya shahara a tarihi shi ne, kafin ya iso an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, ya tarar da ƙofar gari a rufe, ya juya. Ku auna wannan a zukatanku, jama'a: mutumin da ya bi wansa kusan shekara 40, ya rasa shi, sa'an nan a ranar rashin ya ga an rufe masa ƙofa, wanda aka naɗa kuma ɗan wan nasa ne, wanda ya taɓa zama a gabansa yana ɗaukar karatu. Dangantaka ta yi tsami tsakanin Abdullahi da Bello na 'yan shekaru, har lokacin da masu tawaye suka taru a Kalambaina suka matsa wa Abdullahi, Bello ya taho da runduna ya taimake shi, bayan nasara kuma baffan ya yi wa ɗan wansa mubaya'a a bainar jama'a. Daga baya ya bar yawancin harkar mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya koma ga karantarwa da rubutu har ya rasu a Gwandu a 1829. A ganina babu marsiyyar da Abdullahi zai yi wa Shehu da ta kai wannan mubaya'a nauyi, domin da ya ga dama ya riƙe fushinsa, yana da ilimi da mabiya da hujjar da zai kafa, da kuwa abin da wansa ya gina ya tsage biyu.

Akwai wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Ida'un Nusuhi an rubuta shi a 1812, Tazyinul Waraƙati, wani littafin nasa, a 1813, wato Abdullahi ya rubuta abin da wansa ya yi masa tun wan yana da rai. Ku da Allah ya bar muku yayyenku, kunya ba ta hana ku ce musu an gode. In baki ya yi nauyi, ƙafa ba ta yi ba, zumunta kuwa a ƙafa take.

Mas'ala ta biyar ita ce dukiya da marayu, kuma a nan ne ake gane ƙanen ƙwarai. Tsarin da ke cikin littattafan fiƙihu Risala da Muhtasar sananne ne: a fara da kuɗin jana'iza gwargwadon al'ada, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya daga sulusi, sa'an nan gado. Ɗan'uwa ba ya gado in mamaci ya bar ɗa namiji ko uba. In kuwa ya bar mata da mahaifiya da 'ya'ya mata 2 da shaƙiƙi, ana kasa dukiya 24: mata ta ɗauki 3, mahaifiya 4, 'ya'ya mata 16, shaƙiƙi ya ɗauki 1 da ya rage. Na kawo wannan lissafi ne saboda abin da ke faruwa a kasuwanninmu, inda wa da ƙane suke shago ɗaya shekara da shekaru babu rubutu babu shaida, ranar da wan ya rasu sai ƙanen ya riƙe makulli, ya riƙa ba mai takaba kuɗin cefane kamar sadaka yake yi mata daga aljihunsa. A asalin mazhabar Maliku, wilayar dukiyar maraya tana ga wasiyyin da uba ya naɗa, in babu sai alƙali, baffa ba ya samunta don kawai shi baffa ne. Renon yara kuma uwa ce ta fi cancanta da shi. Saboda haka abin da ya dace shi ne, tun kafin a tashi daga makoki a kira malami da dattawa 2, a ƙidaya kaya, a rubuta bashin da ake bin mamaci da wanda yake bi, a ware jarin ƙane in yana da shi, kowa ya sa hannu. Wanda ya ce yin haka rashin yarda ne, sai mu tambaye shi: wa rubutu yake cutarwa in ban da mai niyyar ci?

Matar wa kuma ba kayan gado ba ce. In ta gama takaba ta yarda da auren ƙanen mijinta, halal ne, sau da yawa ma rahama ce ga yara. In ba ta yarda ba, babu mai tilasta ta, babu kuma mai korar ta daga rabon da Allah ya ba ta.

Ga wata mas'ala da nake roƙon dattawa su saurara da kyau. In wa ya rasu mahaifinsu yana da rai, sa'an nan daga baya mahaifin ya rasu, 'ya'yan wan ba su gadon kakansu matuƙar akwai baffanninsu maza. Ƙane zai iya wayar gari ya gaji gidan da wansa ya sa guminsa a ciki, 'ya'yan wan kuwa ba su da ko ɗaki. Ƙasar Masar ta sa dokar wasiyya ta wajibi a 1946 domin irin waɗannan jikoki. Mu nan ƙofar da ke buɗe ita ce kaka ya yi musu wasiyya daga sulusi ko ya ba su kyauta su karɓa tun yana da rai, in bai yi ba kuma baffanni su ba su da daɗin rai. Mazhabarmu ba ta wajabta wa baffa ciyar da 'ya'yan ɗan'uwansa ta hanyar hukuncin alƙali ba, sai dai ta bar shi da muru'arsa da tsoron Allah, kuma mun san matsayin da Annabi ya yi wa mai riƙon maraya bushara da shi. Kuɗin makarantar yaron nan, da auren yarinyar nan, da ziyarar abokan mamaci, da addu'a bayan kowace salla, da sadaka daga dukiyar ƙane ta kansa, su ne ke isa kabari.

Mas'ala ta shida, ta ƙarshe, gajeriya ce, kuma ta shafi iyayenmu mata musamman. Da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a 1837, ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda ubansu ɗaya uwa kowa da tasa, ta yi masa marsiyya da Larabci, ta kuma tsara waƙar Gikku Bello da Fulatanci tana bayyana halayensa, mijinta Waziri Giɗaɗo shi ma ya rubuta Alkashfu wal Bayan a kan rayuwarsa. Da yawa daga abin da aka sani na halin Bello a yau ta hannun waɗannan biyu ya iso. Mu mutanen Zango mun fi kowa bukatar wannan aiki, domin a 1977 hukuma ta rushe tsohon Zango na tsakiyar Lome aka kwashe jama'a zuwa Togblékopé, wasu suka bazu cikin unguwanni, kuma yaron da aka haifa bayan haka ba ya iya nuna inda zauren kakansa yake. Sau da yawa wa ne kaɗai ya san sunan ƙauyen asali, da sunayen kakanni, da gidan da ake sauka in an je gida. Ina roƙon kowane ƙane da kowace ƙanwa a nan su sami littafi, da boko ko da ajami, su rubuta sunan wansu da nasabarsa, da shekarar zuwansa, da sana'arsa, da malamansa, da alherin da ya yi, su ba 'ya'yansa. In wan yana da rai kuwa, a je a tambaye shi a wannan makon.

Nan zan dakata.  Allah ya jiƙan yayyenmu da iyayenmu da suka riga mu, ya raya abin da suka bari, ya kyautata namu ƙarshen. Wanda yake da tambaya ko ƙarin bayani, musamman a kan mas'alar gado, ya ɗaga hannu shugaba ya ba shi dama. Iyaye mata kuma za su iya aiko da tasu a rubuce, malaman da ke nan za su taya ni amsawa.